Ƙofa Tana Da Lokacinta: Magana Ga Ma'aurata Masu Bi

Abin karatu: 1 Korintiyawa 7:1-5, Mai-Wa'azi 3:1-8, 1 Bitrus 3:7

Maganar da na kawo muku a wannan wata tana da nauyin faɗa. Mu Hausawa mutane ne masu kunya, kunya kuwa ado ce. Amma akwai kunyar da ta kan kai mutum kabari. Sabo da haka ku gafarce ni, zan faɗi abin a fili, cikin ladabi da tsoron Allah.

Kwanan baya wani ɗan'uwa daga Ekklesiyarmu, mai tuƙa adaidaita sahu, ya ɗauke ni muka tafi asibiti gaida matarsa. Ta haifi ɗa na biyar cikin shekara bakwai. Jini ya ɓalle mata, da ƙyar aka ceci ranta. A kan hanyar komowa, da muka iso Ƙofar Ɗan Agundi, sai ya ratse gefen hanya ya kashe inji. Ya ce, "Baba Fasto, ina da tambaya, amma bakina ya yi nauyi."

Na ce, "Faɗi, ɗan'uwa. Matambayi ba ya ɓata."

Ya ce, "Likita ta ce kada uwar yaran nan ta sāke ɗaukar ciki sai ta huta shekara biyu, in ba haka ba ranta yana cikin hatsari. Wata ma'aikaciya ta ce za ta koya mana lissafin kwanaki. Ni kuwa tsoro na ke ji. Ba Allah ne mai ba da 'ya'ya ba? In mun zauna muna ƙirga kwanaki, ba wayo mu ke so mu yi masa ba?"

Tambaya ce ta mai tsoron Allah, ba ta mai neman hanyar zunubi ba. Na san kuma ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Amsar da na ba shi a gindin ganuwa ita ce na ke so in shimfiɗa muku a nan.

1. Wanda ya gina ƙofa shi ya sa mata lokaci

Na nuna masa ƙofar da mu ke tsaye kusa da ita. An fara ginin ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara wajen 900 ke nan. Yau motoci suna shiga Ƙofar Ɗan Agundi dare da rana, ba mai hana su. Amma a dā ƙofofin birni suna da ƙyamare, suna da sarkin ƙofa. A kan buɗe da safe, a rufe da dare. Wanda ya je Gidan Makama zai ga wasu daga cikin tsofaffin ƙyamaren nan a ajiye. Fatake masu hankali su kan auna tafiyarsu domin su iso kafin a rufe. Ba wanda ya taɓa ce da su masu yi wa sarki wayo. Sun san dokar ƙofa ne, suka bi ta.

Hakanan Allah ya yi jikin mace. Mahaifa ƙofar rai ce, dukanmu ta nan muka shigo duniya. Amma ba kullum ta ke a buɗe ba. A ko wane zagayen al'ada, jikin mace ya kan saki ƙwai guda, wajen kwana 14 kafin jini na gaba ya zo. Ƙwan nan ba ya wuce yini da kwana ɗaya da rai. Irin namiji kuwa ya kan iya jira cikin jikin mace har kwana 5. Watau kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki wajen 6 ne cikin zagaye guda. In ba a sami ciki ba, shimfiɗar da mahaifa ta yi domin baƙo sai ta zube, ita ce jinin al'ada.

Mutane biyu ne suka fara gane wannan ƙa'ida sosai: Likita Ogino a ƙasar Japan cikin 1924, da Likita Knaus a ƙasar Ostiriya wajen 1929, ko wanne da nasa bincike. Ku lura, ba su ƙaga kome ba. Abin da Allah ya sa tun zamanin Hawwa'u suka gano, kamar yadda manomi ya gane kwanakin damina. Mai-Wa'azi sura 3 ta koya mana cewa Allah ya yanka wa ko wane al'amari lokacinsa, har ta ambaci haihuwa, ta ambaci runguma da barin runguma. Dauda kuma cikin Zabura 139 ya dubi yadda aka sāƙa shi a cikin uwarsa, ya yi yabo. Sanin aikin Allah ba tawaye ba ne. Abin da ke zama zunubi ko adalci shi ne abin da zuciya ta nufa da sanin.

2. Kakanninmu sun san tazara

Waɗansu suna cewa wannan magana ta Turawa ce. Ba haka ba ne. Ku tambayi tsofaffin mata. A dā mace in ta haihu ta kan yi wankan jego kwana 40, sau da yawa a gidan iyayenta. Ta kan shayar da yaro har kusan shekara biyu, miji kuwa ya kan ja jiki. Wadda ta yi ciki da goyo a baya a kan ce ta yi rurrutsa ko kwanika, abin kunya ne gare ta da mijin duka. Tsofaffi ba su karanta littafin likita ba, amma sun ga yadda ɗan da aka yaye da gaggawa ya kan rame, ya kama tamowa, sun ga yadda uwa ta kan ƙare.

Cikin Littafi Mai Tsarki ma akwai alamar haka. Hannatu ba ta kai Sama'ila Shilo ba sai da ta yaye shi. A Yusha'u 1:8 an rubuta cewa matar annabi ta yaye 'yarta tukuna kafin ta sāke yin ciki. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna da koyarwar shayarwa shekara biyu. Masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara cikin 2005 suka ba da shawara iri ɗaya: bayan haihuwa a jira aƙalla wata 24 kafin a nemi wani ciki, bayan ɓari kuwa aƙalla wata 6.

To, me ya sāke? A dā mai mata biyu ko uku ya kan koma ɗakin wata. Mu masu bi mun karɓi koyarwar mace ɗaya, miji ɗaya. Yawancinmu a birni ɗaki guda gare mu, gidan iyaye kuma yana nesa. Tsohon shinge ya faɗi, ba mu kafa sabo ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin ko wace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ne ke rasa ransu ta dalilin ciki ko haihuwa. Waɗannan ba lambobi ba ne kawai. Cikinsu akwai masu waƙa a Zumuntar Mata, akwai matan masu bishara. Yakubu ya binne Rahila a hanyar Efrata ranar da aka haifi Biliyaminu, bai manta da wannan baƙin ciki ba har tsufansa.

3. Yadda a ke lissafin

Da fari a san ranar farawa. Ranar da jini ya fara zuwa ita ce rana ta 1. Daga nan a ƙirga har ranar da ta rage kwana ɗaya jini na gaba ya zo. Wannan shi ne tsawon zagaye. Kada a dogara ga tuni. A sa alama a kalanda, ko a littafin rubutu, ko a waya. Macen da zagayenta kwana 28 ne, ƙwai ya kan fito wajen rana ta 14. Wadda nata 32 ne, wajen rana ta 18. Sabo da haka lissafin maƙwabciya ba zai yi miki aiki ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda masana na Jami'ar Georgetown a Amurka suka gwada, suka bayyana sakamakonta cikin 2002. Ta dace da macen da zagayenta ba ya kāsa kwana 26, ba ya wuce 32. Daga rana ta 8 har rana ta 19, kwana 12 ke nan, a ɗauka ƙofa a buɗe ta ke, sai ma'aurata su haƙura. Sauran kwanaki nasu ne. An yi wani carbi domin taimako, mai ƙwaya 32: ja guda ɗaya domin ranar fara jini, farare 12 domin kwanakin haƙuri, sauran masu ruwan ƙasa. Akwai zoben roba da a ke matsarwa ƙwaya ɗaya ko wace safiya. Wadda ba ta yi makaranta ba ma tana iya riƙe shi.

Akwai kuma tsohon lissafi. A rubuta tsawon zagaye na wata 6 a jere. A ɗebe 18 daga mafi gajarta, a ɗebe 11 daga mafi tsawo. Misali, in mafi gajarta 27 ne, mafi tsawo 31, to 27 a ɗebe 18 saura 9, 31 a ɗebe 11 saura 20. Kwanakin haƙuri su ne daga rana ta 9 har ta 20.

Jiki kuma yana da nasa alamu. In ƙwai ya kusa fitowa, mace ta kan ga wani ruwa mai santsi da yauƙi, kamar farin ɗanyen ƙwai. Likita John Billings da matarsa Likita Evelyn, mutanen Melbon a Ostareliya, su ne suka shahara da koyar da wannan alama tun shekarun 1960. Bayan fitar ƙwai kuma zafin jiki ya kan ɗan hau, ƙasa da digiri ɗaya, sai da ma'aunin zafi a ke ganewa, da asuba kafin a tashi daga gado. Wadda ta haɗa lissafi da alamun jiki ta fi samun tabbaci, amma sai ta koya wurin ungozoma ko ma'aikaciyar da ta san abin.

Ga wani kuskure da ya yawaita. Mutane suna tsammani da zarar jini ya ɗauke, mace ta yi wanka, shi ke nan ba hatsari. Ku duba Firistoci 15:19, kwana bakwai Shari'a ta ƙirga wa mai al'ada. Ku duba kuma 2 Sama'ila 11:4-5. Lokacin da Dauda ya yi zunubin nan nasa, Batsheba ta gama tsarkakewa ke nan, sai ga ciki. Bayan kwana bakwai sai rana ta 8, ita ce farar ƙwaya ta fari a jikin carbi.

4. Iyakar wannan hanya

Ba zan ɓoye muku ba, gama mai wa'azi ba ɗan talla ba ne. Cikin gwajin nan na 2002, daga mata 100 da suka kiyaye kwanakin sosai shekara guda, wajen 5 sun yi ciki. In aka haɗa da waɗanda suka yi ta zamewa, wajen 12 ne. Tsohon lissafin kalanda kuwa kuskurensa ya fi haka. Zazzaɓi, da wahala, da tafiya, da damuwar zuciya, duka su kan sa ƙwai ya jinkirta.

Akwai waɗanda lissafi bai dace da su ba: wadda al'adarta ba ta da tsari, yarinyar da ta fara gani kwanan nan, wadda ta kusa dainawa, da wadda ta bar allurar tazara ba da daɗewa ba. In cikin shekara guda zagaye ya fita daga 26 zuwa 32 fiye da sau ɗaya, carbin nan ba naki ba ne.

Mai jego ta fi kowa bukatar lura. Ƙwai ya kan riga jini komowa, sabo da haka mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba bayan haihuwa. Ta nan rurrutsa ke shigowa. Shayarwa tana tsare mace ƙwarai, amma da sharaɗi uku tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla ya ke sha dare da rana, al'ada kuma ba ta komo ba. In ɗaya ya faɗi, tsaron ya raunana. Ba a kuma fara carbi sai ta ga jini sau 4 bayan haihuwa, zagayen ƙarshe kuma ya daidaita.

Domin wannan na ce wa ɗan'uwan nan, "Matarka jego ta ke yi, kuma likita ta ce ranta yana cikin hatsari. Lissafi kaɗai bai ishe ku yanzu ba. Ku koma asibiti ku biyu, ku tambayi hanyar da ta fi ƙarfi." Ekklesiyar Katolika, bisa ga wasiƙar Paparoma Bulus na 6 ta 1968, ta yarda da lura da kwanaki, ba ta yarda da magunguna da na'urorin hana ɗaukar ciki ba. Bishop-bishop na Angalikan kuwa, a taronsu na Lambeth cikin 1930 da 1958, sun bar zaɓin hanya ga lamirin ma'aurata a gaban Allah, yawancin Ekklesiyoyinmu na bishara kuma a nan su ke tsaye. Kowa ya nemi shawarar shugabanninsa, kada ya hukunta ɗan'uwansa. Abin da mu ke faɗa da baki ɗaya shi ne, hana ciki shiga dabam ne, zubar da wanda ya riga ya shiga dabam ne. Ku sani kuma lissafi ba ya tsare kowa daga ciwon sanyi ko ƙanjamau. Amincin aure ne garkuwar gida.

5. Tambayoyi uku

Wani zai ce, Farawa 1:28 ta umarce mu mu hayayyafa. Gaskiya ne, 'ya'ya albarka ne, Zabura 127 ta kira su gādo. Amma hatsi ma albarka ne, duk da haka manomi ya kan ba da tazara tsakanin shuka, ya kan kuma cire in ta yi cunkoso tun tana iri a hannu, ba ya zuba tiya guda a rami ɗaya. Mai ba da tazara ba ƙin girbi ya ke yi ba.

Wani zai ce, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne, amma ta hannun wa ya ke ciyar da jariri? Ta nonon uwa da gumin uba. Bulus ya yi magana mai zafi a 1 Timotawus 5:8 a kan wanda ba ya kula da iyalinsa. Ubangijinmu kuma a Luka 14:28 ya yabi hankalin mai zama ya yi lissafi kafin ya fara gini. Da Shaiɗan ya ce masa ya faɗo daga kan Haikali, Allah zai tare shi, ya ƙi. Jefa mace marar jini cikin wani ciki, a ce Allah zai kiyaye, wannan gwada Allah ne, ba bangaskiya ba.

Wani kuma zai kawo labarin Onan a Farawa 38. Ku karanta a hankali. Wajibi ne a kansa ya ta da zuriya domin wansa da ya mutu. Ya ɗauki jin daɗin, ya ƙi wajibin, domin ya san ɗan ba zai zama nasa ba. Son kai ne da zalunci ga Tamar. Mutumin da ya haƙura domin matarsa ta rayu bai yi kama da Onan ba ko kaɗan. Amma wanda ya ƙi 'ya'ya sam domin ƙaunar kuɗi da shagali, shi ya kamata ya bincika zuciyarsa.

6. Ga maza

'Yan'uwana maza, nauyin maganar a kanmu ya ke. Mace tana iya ƙirga kwanaki daidai, amma in miji ya ce ba ruwansa, aikin banza ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1 Korintiyawa 7 Bulus yana maganar keɓewa domin addu'a ne, ba lissafin kwanaki ba, kada mu sa masa abin da bai faɗa ba. Amma ƙa'idodi uku da ya kafa sun shafe mu. Na fari, sai da yardar juna. Na biyu, na ɗan lokaci ne. Na uku, a sāke haɗuwa, domin kada Shaiɗan ya sami hanya. Ya kuma faɗi abin da ya yi wa mutanen zamaninsa nauyi, har da namu: kamar yadda miji ke da hakki a jikin matarsa, hakanan mace ke da hakki a jikin mijinta. Ba saye ka yi ba, ɗan'uwa. Sadaki ba kuɗin jaka ba ne.

Kwana 12 suna da tsawo, ban ce ba su da shi ba. Amma kamewa tana cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5. Mu da ke wa'azin Afisawa 5, cewa ƙaunar miji ta yi kama da ta Almasihu wanda ya mutu domin Ekklesiya, ƙaƙa za mu kāsa haƙurin kwana 12? Bitrus ya gargaɗe mu mu zauna da matanmu da sani da girmamawa, har ya ce rashin haka ya kan tare addu'ar mutum. Kada kwanakin nan su zama na fushi da juya baya. Ku yi taɗi, ku yi addu'a tare, ka ɗebo mata ruwa, ka riƙe mata yaro. Ka guji burkutu da giya, gama mashayi ba ya riƙe lissafi. Kada kuma ka mai da haƙurin gida hujjar yawon dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

7. Ga mata

'Yan'uwa mata, jikinku ba abin ƙyama ba ne. Matar nan mai zubar jini shekara goma sha biyu ta taɓa rigar Yesu, bai kore ta ba, ya kira ta 'yarsa. Ku koyi lissafin, ku yi shi tare da mazanku, ba a ɓoye ba. Shugabannin Zumuntar Mata, ku gayyaci ungozoma mai bi ta koya wa matan aure da amare kafin biki. Surukai kuma, ku daina tsangwamar matan 'ya'yanku da tambayar ina ƙanen wane.

Ke kuma da ki ke kuka kamar Hannatu, shekaru sun wuce ba haihuwa, lissafin nan naki ne ke ma. Fararen kwanakin da waɗansu ke gudu, su ne za ki nema. In an shekara ba labari, ku tafi asibiti ke da mijinki, gama matsalar ta kan zama daga wajen namiji ma.

In kuwa kun kiyaye kwanaki duk da haka ciki ya shiga, kada miji ya ɗora wa mace laifi, kada kuma a kira yaron kuskure. Mu masu tsaron ƙofa ne, birnin na Sarki ne. Ku karɓi baƙon da godiya, ku fara awo da wuri, a haihu a asibiti.

Da na gama, ɗan'uwan nan ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, ashe ni ne zan fara tuba. Ban taɓa tambayarta ko ta gaji ba." Muka sunkuyar da kai a cikin keken, motoci suna wucewa, muka yi addu'a. Ranar da aka sallame ta, su biyu suka shiga wurin likita.

Kai mai karatu, yaushe rabonka da ka tambayi matarka wannan tambaya? Kada ka bar daren yau ya wuce.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka yi mu, ka san ƙarfinmu da kāsawarmu. Ka ba mazanmu kamewa da tausayi, ka ba matanmu lafiya da hikima. Ka tsare masu ciki da masu jego, ka tuna da masu neman haihuwa. Ka sa 'ya'yan da ka ba mu su girma a gaban iyayensu biyu, cikin saninka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.